Kukar lantarki ta samu matsala: me ake canzawa a gida, me ake bar wa mai wayarin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kukar lantarki mai kai huɗu da oben, da ita nake gasa kek da biredi na sayarwa. Babban kan ya daina zafi gaba ɗaya, wani kan kuma ko na rage shi ba ya raguwa, oben ɗin sai ya ƙona saman kek ya bar ƙasan ɗanye. Kwanan nan kuma in na taɓa jikinta da jiƙaƙƙen hannu sai in ji tana ɗan ja na. An ce in sayi sabuwa kawai. Shin ana iya canza kayan da suka lalace a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ana iyawa ƙwarai, kuma a abin da kika zayyana ban ga dalilin da zai sa ki sayar wa 'yan gwangwan kukar nan ba. Cikin kayan wutar gida, kuka mai farantin ƙarfe tana cikin masu sauƙin sha'ani: waya ta kawo wuta, makunni ya buɗe mata hanya ko ya rufe, elemen ya mai da ita zafi. Kowannensu noti ne ya riƙe shi, ana kwancewa a ɗaura wani. Abin da ke sa a haƙura da kuka shi ne tsatsa ta cinye jikinta ko cikin oben ya huje. In ba a kai nan ba, gyara ne. Roƙona ɗaya ne, kada ki sayi komai sai kin auna. Ana asarar kuɗi sosai wajen sayo sabon kai alhali tsohon lafiyarsa lau, bakin waya ne kawai ya ƙone.

Sai dai abin da kika ambata a ƙarshe shi ne na farko a wurina. Ki daina kunna kukar nan daga yau har a gano inda wuta ke zuba. Wannan ɗan jan da kike ji yana nuna laifi biyu ne a haɗe. Na ɗaya, wuta tana tsallakowa daga wani elemen ko wata waya zuwa jikin ƙarfen. A cikin kowane elemen akwai siririn zaren ƙarfe da ke yin ja in wuta ta bi shi, an kewaye shi da wani farin gari da ke barin zafi ya wuce amma ya tare wuta. In faranti ya tsage miya ko ruwan tuwo ya shiga, garin ya sha danshi, sai wuta ta samu hanya. Na biyu, wayar ƙasa ta kukar ba ta aiki, ko ma ba a taɓa haɗa ta ba. Da tana nan daram, ita za ta kwashe wutar ta kai ƙasa kafin ta iso hannunki. Yau ɗan ja ne saboda hanyar ƙarama ce, ranar da ta buɗe sosai kina tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, magana ce ta rai. Gano elemen ɗin da ke zubar da wuta aikinki ne, zan nuna miki yadda ake yi. Amma jawo wayar ƙasa da dasa sandarta aikin mai wayarin ne, kuma ki ce ya sa miki birekar nan mai yanke wuta da zarar ta ji zubewa, mai miliamfiya 30.

Kafin sukudireba ta taɓa ko noti ɗaya, a raba kukar da wuta. Kada ki dogara da cewa NEPA sun ɗauke, domin ba sa sallama in za su dawo da ita, kuma wani a gidan yana iya tayar da janareta ko ya juya layi zuwa inbata. Ki kashe babban makunnin kuka da ke bango, ki sauke birekarta a akwatin rarraba wuta, in gidan mai fis ne ki zare fis ɗin ki ajiye a wurinki, ki kuma shaida wa mutanen gida. Sannan ki tabbatar da mitar awo ta hannu, mai auna bolt. Ki fara gwada mitar a soket mai wuta don ki san tana aiki, sai ki auna a bayan kuka: tsakanin laif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (wadda ke mai da ita), tsakanin laif da jikin ƙarfe, tsakanin nutural da jikin ƙarfe. Duk ukun su nuna sifili. Na ce har da nutural ne saboda akwai gidajen da aka juya wayoyin tun wajen wayarin, a kashe makunni amma wuta na nan kwance a cikin kuka. In kukar mai haɗin gas da lantarki ce, irin mai kan gas uku da na wuta ɗaya da ta cika kasuwa, a rufe tukunyar gas a cire regileta tukuna.

Kayan aikin ba su da yawa: mitar awo wadda ke auna bolt da om (ma'aunin yadda abu ke tare wuta), sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, ƙaramar sifana, da wayar salularki. Wayar salula tana cikin muhimmai, domin duk abin da za ki zare wa waya sai kin ɗauki hotonsa daga kusa, ta ɓangare biyu ko uku, yadda launin kowace waya da lambar da ke kusa da ita za su fito. In launukan iri ɗaya ne, ki manna wa kowace 'yar takarda da lamba.

Akwai abubuwan da suke sa a zargi kuka alhali ba laifinta ba ne. Wutar da ya kamata ta shigo gida a Najeriya bolt 230 ce, amma a unguwanni da yawa da magariba takan faɗi ƙasa sosai. Zafin elemen kuwa ya fi ƙarfin wutar saurin faɗuwa: kan da aka rubuta wa wat 2000, in wuta ta sauko bolt 170, abin da zai bayar bai wuce wat 1100 ba. Saboda haka in duk kawunan ne suka yi sanyi tare, a auna wutar soket kafin a kwance komai. Haka oben mai agogon lambobi, da yawansu in aka ɗauke wuta aka dawo da ita ba sa kamawa sai an sake saita lokaci, masu agogon murɗawa kuma sai an mai da shi kan alamar hannu. Ki kuma duba yadda aka haɗa kukar da bango. Fulogi mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3000 ne, kuka mai kai huɗu da oben kuwa tana kai wat 8000 in an kunna komai. Irin wannan layinta daban ake ja mata tun daga akwati, yawanci da waya mai kaurin sikwaya milimita 6 da makunnin bango mai amfiya 45. In a soket ɗin firji aka cusa taki, wannan ma a faɗa wa mai wayarin.

Yanzu sai buɗewa. Ki fara da ɗan akwatin da ke baya inda babbar waya ke shiga. Kukar Turai da yawa an yi su ne yadda za su yi aiki da layi ɗaya ko layi uku, shi ya sa za ki ga wasu 'yan guntayen tagulla sun haɗa noti da noti, da zanen yadda ake jera su a gefe. In kai biyu suka mutu rana ɗaya, ko oben da kai ɗaya, galibi a nan matsalar take: noti ya saki, wurin ya yi baƙi, roba ta narke. In ya ƙone, akwatin duka ake canzawa.

Daga nan ki kwance notunan da suka riƙe saman kukar ki ɗaga shi, wasu kuma ta marfin baya ake shiga. Kafin awo, ki yi amfani da ido da hanci. Abin da na fi tararwa a ƙarƙashin kan da ya mutu shi ne bakin waya guda ya sauya launi, tagullar ta koma baƙi-baƙi mai ratsin kore, rigar wayar ta bushe tana marmashewa in an taɓa, ɗan maƙalin ƙarfen da ke kama ƙafar elemen yana girgiɗi a kanta, ga ƙaurin ƙonanniyar roba. Dalilin shi ne duk mahaɗar da ta saki takan yi zafi, zafin ya ƙara sassauta ta, a haka har ta cinye kanta. Ɓeraye ma suna gwaguyar waya, kyankyasai kuma suna shiga cikin makunni.

Gyaran wannan wuri shi ne inda aka fi yin ha'inci, don haka ki kula. A yanke wayar har inda tagulla take ja wur, a matse mata sabon maƙali mai jure zafi, a tabbatar ya kama ƙafar elemen gam, sai an sa ƙarfi yake zaruwa. In wayar ta gajarce, a canza ta duka da waya mai jure zafi, mai rigar silikon ko mai saƙar zaren gilashi, kaurinta daidai da wadda aka cire. Wayar wayarin gida rigarta digiri 70 aka yi ta ta ɗauka, ba ta da wurin zama a ƙarƙashin faranti. Kada a like da dalma, domin dalmar liƙi tana narkewa kafin digiri 200. Kada a murɗa waya biyu a naɗe da salatif. In dole sai an haɗa waya da waya, akwai mahaɗa ta tangaran mai noti, ita ake sa wa.

In wayoyin lafiya suke, sai a auna elemen. Ki zare masa wayoyinsa duka, ki juya mita zuwa om, ki ɗora tsinkayenta a ƙafafunsa biyu. Lissafin abin da ya kamata ki gani mai sauƙi ne: 230 sau 230 ya ba da 52,900, sai ki raba da wat ɗin da aka rubuta a jikinsa. Mai wat 1000 zai nuna wajen om 53, mai 1500 wajen 35, mai 2000 wajen 26. Ɗan sama ko ɗan ƙasa ba komai. In mita ta tsaya a OL, ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, zaren ciki ya tsinke, kuma ba a ɗinke shi, sabo ake sawa.

Farantin ƙarfe irin naki yakan zo da ƙafa huɗu, saboda zare uku ne a cikinsa, makunninsa kuma mai lamba 1 zuwa 6. A lamba 1 makunnin yana jera zaren uku ne ɗaya bayan ɗaya, wuta ta bi ta cikinsu duka, zafi ya yi kaɗan. A lamba 6 kowanne yana shan wutarsa kai tsaye. Shi ya sa in zare ɗaya ya tsinke za ki ga kan ya mutu a ƙananan lambobi amma yana ɗan zafi a manya. Ki auna ƙafafun bibbiyu, kowace da kowace. A lafiyayyen faranti duk biyun da kika taɓa za su nuna lamba, daga om gomomi zuwa 'yan ɗaruruwa. Tunda naki ya mutu a kowace lamba, na fi zargin waya ko makunni a kan farantin kansa, amma mita ce za ta raba gardama.

Awo na biyu shi ne na neman mai jan ki. Ki kai mita kan mafi girman ma'aunin om, tsinke ɗaya a ƙafar elemen, ɗayan a jikin ƙarfensa inda babu fenti ko tsatsa. Lafiyayye ba zai nuna lamba ba, mita za ta tsaya a OL. Duk wanda ya nuna lamba, shi ne, a cire shi ko da yana zafi. Ki bi kawunan huɗu da elemen ɗin oben duka, ki kuma bi wayoyi da ido ko akwai wadda ta goge tana taɓa ƙarfe. In duk sun wuce amma jan bai daina ba, to batirin mitarki ne bai isa ya tona asirin ba, wani elemen ma sai ya yi zafi yake zubarwa. Masu wayarin suna da na'urar da ke gwadawa da bolt 500, ita ke kama irin wannan. In wani ya ce a cire wayar ƙasa don bireka ta daina faɗuwa, kada ki yarda ko na minti ɗaya.

Wajen saye, ki tafi da tsohon a hannu. Faranti girma uku ya fi yawa, milimita 145 da 180 da 220, wat ɗinsa kuma a buge yake a ƙasansa. Mai jan ɗigo a tsakiya mai saurin zafi ne, ya fi ɗan'uwansa mai girma ɗaya shan wuta: na 180 marar ɗigo wat 1500 ne, mai ɗigo 2000. Ki sayi daidai da wanda kika cire a girma da wat da yawan ƙafafu. Kada a ce miki ga wanda ya fi ƙarfi ki ɗauka, makunni da wayar da ke ciki ba don shi aka yi su ba. Ana samun kayan a wurin masu kayan wuta na Sabon Gari a Kano da Alaba a Legas da manyan kasuwannin sauran garuruwa, sababbi da waɗanda aka ciro daga kukar gwanjo. Ki auna shi a shagon kafin ki biya, ki ɗora wani abu miƙaƙƙe a fuskarsa ki ga ba ta kumbura ba. Araha ba ta ado a nan, faranti marar nauyi ba ya daɗewa yake tsagewa. In kukar 'yar Amurka ce ta gwanjo, a yi hattara, tsarin wutarsu daban ne, fitilunta da agogonta kan zo da bolt 120, wannan sai wanda ya san ta.

Ɗaurawar ba wuya. Noti ɗaya ne a tsakiyar faranti ta ƙasa, da wani ƙarfe da ya tokare shi. Yakan yi tsatsa, sai a ɗiga masa mai a ba shi lokaci, kada a yi masa dole har ya karye. A ɗaga tsohon ta sama, a goge maiƙon da ya taru a bakin ramin, a zaunar da sabon da zoben da ke hana miya zuba ciki, a mai da wayoyi bisa hoto, har da wayar ƙasa in akwai ta a notin.

Kan da ba ya raguwa kuwa, ba laifin faranti ba ne, makunninsa ne. Makunni iri biyu ne. Akwai mai tsalle daga lamba zuwa lamba, wanda na ambata. Akwai kuma mai murɗawa sumul, wanda ke kunna wuta yana kashewa da kansa, shi ne kike jin yana ƙas-ƙas lokaci-lokaci, kuma wannan ƙarar lafiya ce. A duka biyun, 'yan bakunan ƙarfen da ke haɗuwa su rabu a ciki sukan narke su manne, sai wuta ta yi ta wucewa. Wasu sukan ɓamɓare su su goge da sanfefa. Ban ba ki wannan shawara ba, yana komawa ya manne, wataƙila ranar da kika kashe kika fita unguwa. Ki zare marfin murɗawar, ki kwance notuna biyu da ke bayansa, makunnin zai fito ta ciki. Ki sayi mai lamba iri ɗaya, ki riƙa zare waya ɗaya daga tsohon kina sa ta a sabon nan take, kina bin alamun da ke jikinsa irin su P1 da P2, domin wani lokaci mazauninsu kan bambanta ko da aikin ɗaya ne.

Oben da ke ƙona sama ya bar ƙasa ɗanye, kusan kullum elemen ɗin ƙasa ne ya mutu. Ba a ganinsa daga ciki, yana ƙarƙashin daɓen oben, ta baya ake zaro shi bayan an cire marfi. Yawanci tsakanin wat 1000 ne da 1300, wato ki sa ran om 40 zuwa 53. In ya auna daidai, sai a koma kan makunnin da ke zaɓar sama ko ƙasa. Wajen zaro shi ki lura da audugar gilashin da ke riƙe zafi, ki sa safar hannu, ki mai da ita yadda take.

Tunda sana'arki gashi ce, bari in ƙara miki da tamostat, mai tsayar da zafi a inda kika saita. Yana da wani siririn bututu mai kama da waya, da ɗan kai dogo da ke maƙale a bangon oben ta ciki. Ruwa ne a cikin bututun, in aka lanƙwasa shi da ƙarfi ko aka yanke, ya tashi aiki. Alamar mutuwarsa ita ce oben ya yi ta zafi ba tsayawa, fitilarsa ba ta mutuwa, ko kuma ya ƙi kamawa sam. In za ki canza shi, ki zura bututun a hankali ta hanyar da tsohon ya bi, kada ya taɓa ƙafar wani elemen, kan kuma ya koma cikin maƙalansa. Ki sayi ɗan ma'aunin zafi na oben ki rataya a tsakiya, ki saita 180 ki ga abin da zai nuna bayan minti 20. Ki shafa robar bakin ƙofa, in ta tsage ko ta saki zafi na gudu ta nan, ita ma maƙalawa ake yi. Akwai kuma wani ɗan fis na zafi a bayan oben da ke yankewa in zafi ya wuce kima. In ya yanke, a canza shi a kuma nemo abin da ya sa, kada a haɗe wayoyinsa a tsallake shi, shi ne ke tsakanin kicin ɗinki da gobara.

Abin da ke kashe faranti da wuri a gidajenmu sananne ne. Tukunyar dalma mai kumburarren gindi tsakiyarta kawai ke taɓa ƙarfen, zafin da bai samu mafita ba sai ya tsaya a cikin farantin har ya tsage. Haka barin kai a kunne ba tukunya, da ɗora gawayin turaren wuta a kansa don ya kama. Ki nemi tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi da ta rufe farantin, ki share abin da ya zuba da zarar ya huce.

Kuka mai aiki da maganaɗisu da mai saman gilashin da ya tsage da duk abin da ya shafi allon lantarki na ciki, waɗannan ba na gida ba ne, a kai wa masu su.

In kin gama, ki bi kowace mahaɗa ki ɗan ja ta, ki tabbatar babu wayar da ta kwanta a jikin oben ko marfi zai danne. Ki auna om tsakanin inda wayar ƙasa ke shiga da jikin kukar, ya nuna kusan sifili. Ki rufe komai kafin ki mai da wuta, kuma kada ki mayar sai mai wayarin ya gama nasa aikin na wayar ƙasa. Sannan ki kunna kai ɗaya-ɗaya, kina bin lambobinsa, ki ga yana ƙaruwa yana raguwa yana kuma mutuwa a sifili. Sabon faranti ana barinsa minti 3 zuwa 5 a babbar lamba ba tukunya, sau ɗaya tak, don shafen da ke kansa ya kama, zai ɗan yi hayaƙi. Oben kuma ki kunna shi ba komai a ciki na rabin awa, taga a buɗe, kafin ki sa kek. Bayan mako guda ana aiki, ki sake kashe wuta ki buɗe akwatin baya ki ƙara ɗaure notunan, domin sabuwar mahaɗa takan ɗan saki bayan ta sha zafi ta huce.